Na'urar da Ta Ƙirga Shanun Baffa

Shekara goma sha huɗu na yi ina yi wa shanu allura a ƙasar Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, a ƙarƙashin wani kamfanin magungunan dabbobi da ba zan kama sunansa ba. Ba tsoronsu nake ji ba, abin da za su iya yi mini sun riga sun yi. Ni ba likita ba ne, ɗan kwas kawai na yi, amma a ruga Likita ake ce mini, kuma ban taɓa gyara wa kowa ba.

A cikin shekarun nan kwamfutar hannu huɗu kamfani ya damƙa mini. Ta farko mai kauri ce kamar sandar sabulun wanki, da ɗan tsinken roba da ake tsokanar fuskarta da shi. Tsinken ya ɓace mini a hanyar Dauran tun a sati na biyu, na koma tsokanarta da bakin asuwaki, ta kuwa ci gaba da aikinta ba ta ce uffan ba. Ana cire batirinta, kuma akwai ɗan kati a bayanta inda take ajiye abin da ka rubuta. In ka yi kuskure ka goge, in ta yi maka taurin kai ka zare batir ka mayar, ta dawo hayyacinta. Ta biyu da ta uku duk irin wayar shafawa ce, suna ɗaukar hoto, suna aika rahoto ofis da kansu in sun samu sabis. Ta huɗu ita ce ta zo da sabon salo. Baƙa ce, a rufe ruf, ba ƙofar batir, ba kati. Ranar da aka raba mana, manajanmu na Kaura ya jefa ɗaya cikin bokitin ruwa a gabanmu ya ciro ta tana aiki, muka yi ta tafi kamar an yi mana bushara. Ya ce ba wanda zai iya sa mata ko da karatun Alƙur'ani ne, kuma daga hedikwata ake juya manhajarta, a ƙara abin da aka ga dama, a rage abin da aka ga dama. Ta farko ni nake aikenta. Wannan kuwa tun ranar na fahimci ita za ta riƙa aikena.

Ba zan yi wa kamfani rashin adalci ba. A cikinmu akwai malalata. Na san wanda yake karɓar kwalaben rigakafi ya zauna a inuwar mai shayi a Zurmi har ƙanƙarar kularsa ta narke, ya zubar da maganin a kwata, ya dawo ya ce ya zaga ruga biyar. Saboda irinsu aka yi ta ɗaure na'urar tana ƙara tsauri. Sai dai igiyar da aka saƙa don malalaci ba ta tambayar wuyan wa ta samu.

Duk wanda ya yi hulɗa da makiyaya ya san abu guda: ba a tambayar Bafillace shanunsa nawa. Shi kansa ba ya ƙirga su. Ya san kowace saniya da launinta da ƙahonta da uwar da ta haife ta, in ɗaya ta ɓata kallo ɗaya zai yi wa garke ya gane, amma lamba ba ta fita daga bakinsa. Wasu sun ce ƙidaya tana cire albarka, wasu sun ce tana jawo baki. Tsofaffi kuma suna tuna zamanin jangali, wato harajin shanu, lokacin da duk mai ƙirga maka shanu ba alheri ya kawo shi ba. A zamaninmu an samu dalilin da ya fi waɗannan duka zafi. A ƙasar da ake kora garke guda da rana tsaka, wanda ya san shanunka nawa ne da inda suke kwana ya riga ya riƙe rabin dukiyarka a hannu.

To yaya muke aiki? Da kunya da kara. Makiyayi zai ce ka kawo irin na bara, ka ɗan ƙara. Kai kuma ka ɗauko kwalaben da ka san za su isa, ka yi allurarka, ko leɓɓanka kada su motsa. A na'urorin farko akwai gurbin adadin shanu, amma a gefensa akwai wurin tsallakewa. Shekara da shekaru ina tsallake shi, in rubuta sunan yanki da kwalaben da na buɗe, ofis kuma ba ta taɓa damuwa ba.

A cikin duk makiyayan da nake zuwa wurinsu, akwai wani dattijo a dajin da ke bayan Katuru wanda nake kira Baffa. Dogo ne siriri, ba ya son yawan magana, in ya yi dariya sau ɗaya a wuni to ranar an yi sa'a. Sai da na yi shekara uku ina zuwa gaishe shi a kasuwar Shinkafi kafin ya yarda ya nuna mini hanyar rugarsa. Da abubuwa suka lalace ya ƙara nutsawa ciki, ya zauna a wani kwari da ko mutanen gari ba kowa ya san shi ba. Yana tsoron masu bindiga, yana kuma tsoron waɗanda suke ganin duk mai sanda a kafaɗa ɗan bindiga ne. Ni kaɗai ne baƙon da yake bari ya shiga da babur.

Ranar da abin ya faru, bayan an gama yankan gero ne, ciwon huhu ya fara ɓulla a wasu garkunan. Na taso daga Kaura da sassafe da kula cike da ƙanƙara, na tsaya a Shinkafi in sha shayi. Ina zaune sai na'urar ta yi ƙara a aljihu. Na duba, ta ce akwai sabuwar manhaja, in sabunta yanzu ko bayan minti goma. Babu wurin cewa a'a. Na danna yanzu don ta ƙyale ni in ci burodina, ta yi ta jujjuya wani ɗan zobe har na shanye kofi biyu.

Sai da na isa ruga na ga abin da aka yi mata. Fuskarta ta canza gaba ɗaya. Yanzu sai ka rubuta sunan mai shanu, ka nuna mata tambarin kwalba, ta buɗe maka wani babban koren maɓalli, kowace allura ka yi ka danna sau ɗaya. In ba ka danna ba, ba za ta karɓi kwalba ta gaba ba. Na tsaya na kalle ta. A nan ne na yi laifina, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Na ce wa kaina ai allura take ƙirgawa ba shanu ba, in an gama zan tsallake kamar kullum. Zuciyata ta san allura ɗaya saniya ɗaya ce, amma magani na cikin kula, rana na ɗagawa, ga 'ya'yan Baffa biyu, magidanta, sun riga sun fara kamo shanun. Na sa ta a aljihun gaban riga, ina tsira allura a wuya ina dannawa da babban yatsa ba tare da kowa ya lura ba.

Muka gama wajen azahar. Aka kawo mini fura da kindirmo a ƙwarya, na zauna kan tabarma kusa da Baffa, na ciro na'urar in rufe aikin ranar. Na nemi wurin tsallakewa sama da ƙasa, babu. Abu ɗaya ne a fuskarta, an rubuta kammala. Na danna.

Sai ta yi magana. Ban taɓa sanin tana da murya ba. Muryar mace ce, tangaran, da Hausar rediyo, da ƙarfin da har maruƙan da ke ɗaure a dangwali suka ɗaga kai. Ta faɗi sunan Baffa cikakke. Ta faɗi adadin shanunsa, ɗaya bai ɓace ba. Sannan ta ce an adana wurin da ake, za a aika da zarar an samu sabis, ta rufe da cewa madalla da aiki.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ludayin yana hannuna na kasa kai shi baki, na kasa ajiyewa. 'Ya'yansa suka sunkuyar da kai kamar an tuɓe mahaifinsu a gabansu. Dattijon da ya haura saba'in, ranar ce ya fara jin adadin shanunsa a kunnensa, kuma daga aljihuna ya fito.

Da Baffa ya buɗe baki, ba faɗa ya yi ba, na ma fi son a ce ya yi.

"Likita, abin ga da yay yi magana, wa za shi hwaɗa ma?"

"Baffa, nan babu sabis. Bai hwaɗa ma kowa ba tukuna."

"Tukuna," in ji shi. "In kun kai gari hwa?"

Na kashe ta a gabansa, na nuna masa baƙar fuskarta. Na ce: "Baffa, na yi maka alkawali tsakanina da Allah. Abin da taj ji nan, nan za shi tsaya. Ba ya kai ga kowa."

Ya kalli na'urar, ya kalle ni. Ya ce in shanye furata kada ta tsinke. Da zan tafi ya rako ni har gindin babur kamar yadda ya saba, amma bai ce sai wani jiƙon ba.

Na wuce Shinkafi ban tsaya ba, na'urar a kashe a ƙasan jaka. Duk inda na hangi ƙarfen sabis sai in ƙara wa babur wuta, don ban san ko tana iya tada kanta ba. Da la'asar na shiga ofishinmu na Kaura na samu manaja. Matashi ne mai ilimi, ba mugu ba, Baba yake ce mini saboda na girme shi nesa ba kusa ba. Na zayyana masa komai, na ce ya goge mini rahoton yau, in sake rubuta shi da kwalabe kawai.

Ya yi murmushi irin na wanda yake lallashin tsoho. "Baba, ni kaina ba ni da ikon gogewa. An cire wannan. Kana kunna ta za ta tura, shi ke nan. Kuma ai don amfanin su ne. In mun san inda shanu suke da yawansu, baɗi ba za a rasa magani ba."

"To in ta tura, wa ka gani?"

"Hedikwata."

"Su wa da wa a hedikwata?"

Ya fara lissafa mini da yatsu: masu kula da sito, masu talla, kamfanin da ya ƙera manhajar, da wasu abokan hulɗa da ake raba bayanai da su. Da ya kai yatsa na huɗu ya tsaya, don shi ma ya ji yadda abin yake fita.

Na ce: "Ranka shi daɗe, a cikinsu akwai wanda ka sani da ido? Akwai wanda za ka iya rantsuwa wayarshi ba ta ɓacewa, ko ba shi da aboki mai dogon kunne?"

"Baba, akwai tsaro a kan bayanan nan."

"Haka kunka ce ba ta magana sai an tambaye ta."

Wannan bai taɓa faɗa ba, na sani, haushi ne ya sa na laƙa masa. Ya sha kunu, ya ce doka ce, duk rahoto ya shiga kafin azahar ɗin gobe, in ba haka ba za su kulle na'urar daga can su kira ni. Ya ƙara da cewa kada ma in yi tunanin barin ta a kashe, don tana jin caji za ta tashi da kanta, kuma ranar da na mayar da ita ofis abu na farko da za a yi shi ne a sa mata caji. Ya faɗi haka ne don ya nuna mini ba mafita. Na gode masa, don shi ya nuna mini mafitar.

Washegari da hantsi na nufi bayan kasuwar hatsi, wurin wani maƙeri da muka yi makarantar allo tare. Na same shi yana gyaran bakin galma. Na ciro na'urar na ɗora masa a kan uwar maƙera.

"Mi za a yi mata?" ya tambaya. "Mu nan ba mu gyaran waya."

"Ba gyara ba. Kashe ta za ka yi."

Ya juya ta a hannu, ya ga tambarin kamfani. "Kai, wagga ba taka ba ce. Ka haukace?"

"Ta ji abin da bai kamata ta ji ba."

"To ka jehwa ta gulbi mana."

"Ta iya ruwa. Gabana anka gwada."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce shekara arba'in yana ƙira ba a taɓa kawo masa ɗan tsegumi ya hukunta ba. Amma ya ƙi bugawa. Ya miƙo mini masaba, gudumar da yake ƙira da ita, ya ce abin mutane ne, hannuna ya ɗauko, hannuna ya ƙarasa, shi aron maƙera kawai ya ba ni. Ya yi gaskiya, kuma na ji daɗin da ya ƙi.

Bugun farko gilashin ne kawai ya tsage. Gaskiya sun iya ƙira, ban hana su ba. A na uku ta buɗe biyu. A na huɗu na samu batirin, sai ga hayaƙi fari mai wari ya tashi da tartsatsin wuta, muka yi baya da gudu, maƙerin yana salati yana zagina a lokaci guda. Ya watsa mata yashi. Da ta huce na tone ta, na bi duk wani ɗan koren allo da ke cikinta na daka shi har ya zama gari. Ba zan ce ban ji tsoro ba, ina da iyali, kuma na san a shekaruna ba a ɗaukar mutum sabon aiki. Amma tun da na baro ruga sai a lokacin numfashina ya sauka.

Na kwashe tarkacen a baƙar leda na kai ofis kafin azahar, na ajiye a teburin manaja. Ya buɗe ya leƙa, ya yi tsuru-tsuru. Ya tashi ya rufe ƙofa, ya rage murya.

"Baba, bari mu rubuta cewa faɗowa ta yi daga babur, mota ta bi ta kai. Hanyar Shinkafi kowa ya san halinta. Zan sa hannu."

Na ji daɗin wannan a raina, har yau ina ganin girmansa saboda shi. Amma na ƙi. Na ce ya rubuta cewa ni na fasa ta da masaba, da gangan, da hankalina, kuma ya rubuta dalili. In an ce hatsari ne, gobe za su ba ni wata irinta, jibi ta ƙirga shanun wani. Ina so wani a can sama, ko mutum ɗaya ne, ya karanta ya san cewa akwai wurin da tambayar da suka mayar dole take iya kashe mutum. Ya ce ba za su karanta haka ba, za su karanta cewa wani tsoho ya lalata kayan kamfani. Na ce to su karanta hakan, ai ba ƙarya ba ne.

Kwana huɗu takardar sallama ta iso. Na karɓa, na miƙa kula da sirinji da makullin babur. Abokan aikina wasu suka ce na yi wauta, wai da na sa lambar ƙarya tun farko da ba a kai nan ba. Wataƙila. Amma ni ban iya shiga rugar mutum da ƙarya a aljihu ɗaya da amana a ɗayan ba, kuma wurin da ake ai ba ni nake rubuta shi ba, ita take ɗauka da kanta. Na ji an ce har yanzu ƙirga shanun yana nan dole, an ma ƙara da hoton garke. Ban yi mamaki ba.

Abin da ya rage mini shi ne in je in gaya wa Baffa. Na ari babur ɗin ƙanena na kama hanya, ina ta shirya yadda zan ba shi labarin hayaƙin da gudun da maƙeri ya yi, ina cewa yau kam sai na ga haƙoransa. Na wuce Katuru, na gangara kwarin.

Ba kowa. An tuge turaku, an kwashe bukkoki, sai da'irar ƙasa da toka mai sanyi a murhu. Kashin shanun ma ya bushe. Na kashe babur na tsaya a tsakiyar wurin kamar wanda ya ɓata hanya.

Wani manomi da ke ɗaurin dawa a gonar da ke gefe ya hango ni ya taho. Ya san ni, ya sha ganina ina wucewa. Bayan mun gaisa ya ce: "Likita, ai sun tashi. Tun washegarin ranar da kaz zaka, da sassahe sunka kora."

Washegari. Wato lokacin da nake ɗaga masaba a Kaura, Baffa ya riga ya yi nisa da shanunsa. Bai jira ya ga ko zan cika alkawari ba. Abin ya soke ni, ba zan ɓoye ba, har idona ya kawo ruwa a gaban mutumin. Shekara goma sha ɗaya ina shiga rugar nan. Amma ina tsaye a wurin na auna, na ga da ni ne shi, da garke a gabana da 'ya'ya da jikoki, ni ma ba zan kwana biyu a kan rantsuwar mutumin da aljihunsa yake magana ba tare da izininsa ba. Bai yi laifi ba. Ni ma ban yi asarar bugun da na yi ba, alkawari na ɗauka, ban ce sai yana kallo zan cika ba.

Manomin ya ga halin da nake ciki, ya tausaya mini. Ya matso, ya ɗaga hannu zai nuna wata kusurwa. "In kana son ka iske su, na ji an ce sun yi wajen..."

Na kama hannunsa na sauke.

"Kada ka hwaɗa man. Kada kuma ka hwaɗa ma kowa. In dai Allah ya sa kun gamu, ka ce mashi Likita ya zaka. Ka ce mashi abin nan bai kai gari ba."